Baba Sylvanus da Kujerun Roba

Idan ka shiga keke napep da Baba Sylvanus, kafin ku kai Kakuri sai ka ji kamar ka ɗaure masa hannu. Yatsunsa ba sa zama. Ya buga a gwiwarsa, ya buga a ƙarfen keke, in ka yi sake ya buga a cinyarka. Ni na sha wannan, domin unguwarmu ɗaya a Mahuta, kuma a wata 'yar firamare mai zaman kanta muke koyarwa, ni lissafi, shi kiɗa. Bango ɗaya ne tsakanin ajina da nasa, bangon kuwa, Allah na tuba, kwali ya fi shi kauri.

Yana saurayi ya baro Binuwai ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ɓangaren injinan saƙa, a can ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ƙarar wurin ba ta barin a ji magana, sai ma'aikata suka yi nasu tsari: in kana son magana da mutum, ka taɓa kafaɗarsa, ka jira ya juyo, ka buɗe baki sosai ba murya, shi kuma ya karanta laɓɓanka. Da masaƙa ta rufe, kowa ya kama gabansa, wasu gadi, wasu acaba. Shi ya fito da bugun inji a yatsu, da kuma kunnen da kullum ƙara toshewa yake. Yatsun ne suka samar masa aikin nan. Kunnen kuwa ɓoye shi yake yi iya ƙarfinsa, don wa zai bar wa kurma ajin kiɗa? Ajin nan ne kawai ya rage masa.

Na daɗe da gano dabararsa, na ja bakina. Dogayen bencuna na katako ne a ajin. Sai ya jera yara suna bugawa da tafin hannu, shi ya zauna a ƙarshe ya ɗora tafinsa a kai. Ta katako yake ji. Kana tsaka da koyar da rabawa sai ka jiyo shi: "Benson, wa ya biyo ka? Sannu-sannu mana!" Haushi nake ji, ba na ɓoyewa, amma yaran suna son ranar kiɗa fiye da ranar biki.

Sai aka dawo daga dogon hutu. Madam Hadassah, mai makarantar, ta yi gyara na gani na faɗa: fenti, tayil, da kujerun roba masu launi, kowane yaro da tasa. Kowa na yabawa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, yatsunsa na gudu a jikin wandonsa.

Darasin farko bai yi kyau ba ko kaɗan. Kowane yaro na dukan kujerarsa yadda ya ga dama, hayaniya kamar ana rabon tukwane, shi kuwa yana ta cewa, "Yawwa, haka nake so!" Na tsaya da alli a hannu, tausayi ya kama ni. Madam ma ta jiyo daga ofis, ta aiko cewa ranar Alhamis za ta shigo ta ga yadda ake ajin.

Tun daga nan Baba bai sake zama ba. Ya leƙa sito, ya zaga bayan banɗaki, ya tsare mai gadi da tambaya. Mai gadi ya ce ai tsofaffin bencunan an bai wa mai tuyar ƙosai ta bakin titi. Ya tafi har can, ya tarar da ƙafar benci tana ci a murhu. Ya dawo ko shayi bai sha ba.

Ranar Alhamis na ji ana jan kujeru zuwa bango, na fito na leƙa ta taga. Ya jera yara layi ɗaya, kowa na fuskantar bayan na gabansa, shi ya durƙusa a gaba. Na ƙarshe ya buga wani kiɗa a bayan na gabansa, wannan ya miƙa, har ya iso gadon bayan Baba. In ya iso a karkace ya ce, "Oya, a sake, wani ya cinye ɗaya a hanya!" Yara na ta ƙyalƙyala dariya. Abin ya yi, har ya lumshe ido, ya ba ƙofa baya.

Aka buga ƙararrawa. Bai motsa ba. Madam, wadda ta jima tsaye a ƙofa, ta ce, "Baba, lokaci ya yi." Shiru. Ta ɗaga murya, "Baba Sylvanus!" Shi kaɗai ke durƙushe yana jiran bugu. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu.

Ta shiga, ta taɓa kafaɗarsa, ta jira ya juyo. Sannan ta buɗe baki sosai tana magana, ba wanda ya ji ko harafi ɗaya. Yatsunsa suka tsaya cak. Ban taɓa ganin haka ba.

A keke da yamma na taɓa kafaɗarsa na tambaye shi me Madam ta ce masa. Ya ce, "Wai babanta Bitrus ma a masaƙa ya yi aiki. Da haka suka riƙa magana a gida har ya rasu. Ta ce me ya sa ban faɗa mata ba. Litinin kafinta zai kawo benci."

Ya juya yana kallon titi, ido ya cika da ƙwalla. Can sai yatsun suka dawo, a cinyata. Ban ture ba.