Ranar da Na Ci Irin Shukar Kakana

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Malam Bawa na Fakku, amma har yau in na tuna shi ba ranar jana'izarsa ke fara zo mini ba. Tsayuwarsa nake gani a ƙofar madafi, yana duban wata ƙwarya da aka wanke aka kife, yana tambayar kakata Inna Kulu ina geron da ya jiƙa a ciki da asuba. Ni kuwa ina zaune kan tabarma da ragowar gumba a hannuna. Inna ta ce ai ta daka wa baƙuwa. Ya ɗaga ƙwaryar ya leƙa, ya sake kife ta. Shirun nan nasa shi ya fara gaya mini akwai magana, don Malam Bawa ko a masallaci da ƙyar yake riƙe bakinsa.

Ina aji uku na sakandare a lokacin, an ba mu hutu dab da faɗuwar damina. Na kwana biyu wajen iyayena a Kebbe, sannan na tafi Fakku gaishe da tsofaffi. Al'adar gidan ce jika ba ya shigowa a bar shi bai ci gumba ba. Kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san gero in an gan shi jiƙe cikin ƙwarya, to na ci ne. Irin shuka a rumbu yake zama, busasshe, a zangarniyarsa, ba mai kai masa ruwa sai Allah. Inna ta ga gero ya jiƙu ya yi taushi, ga jika ta yi sallama, sai ta gode wa maigida a ranta da ya rage mata aiki. Ta sa turmi, ta zuba zuma, na ci har na yi santi.

Abin da ba ta sani ba shi ne, tsohon nata ya shiga wani sabon gwaji. Shekarun fari ba su daɗe da wucewa ba, mutane ba su manta yadda ake shuka sau biyu sau uku ba, ruwa ya sauka a binne iri, ya ɗauke, tsiro ya ƙone tun bai kai tsawon yatsa ba. Ga shi kuma yana da wata gona a gefen fadama wadda ƙasarta ke yin fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, komai aka shuka sai ya fito a tsumburce. To, sai malamin gona na yankinmu ya zo da wani ruwa daga wajen masu binciken noma. Ya ce a ɗiga kaɗan cikin ruwan ƙwarya, a jiƙa iri na wuni guda, a shanya a inuwa, sannan a shuka. Wai yana tada irin daga barci, ya tsiro da wuri, ya kafa saiwa, ya jure ƙishi da ƙasa mai kanwa. Dattawan gari duk suka noƙe, suka ce ba su taɓa jin an yi wa gero wanka ba. Kakana shi kaɗai ya miƙa hannu. Bai gaya wa Inna ba don ya san za ta ce ya tsufa yana wasan yara.

Da ya ce gumbar nan da maganin iri a cikinta, sai na ji ƙasa ta juya da ni. A makaranta an koya mana cewa hodar da ake cuɗa iri da ita don kashe ƙwari guba ce, rediyo ma kullum sai ta ja kunne kada a ci irin da aka sa wa magani, kada a ba ko kaji. Ni a sanina maganin iri guda ne, kuma kashewa yake yi. Nan take na sa a raina guba na ci. Na gaya musu abin da na sani, da Hausa da ɗan Turancina. Inna ta ɗora hannu a ka. Kafin ka ce kwabo an kawo nono, an kawo ruwan tsamiya, wata maƙwabciya ta zo da manja a ludayi, kowa na ɗura mini nasa.

Sai kakana ya matso, ya karɓi ragowar gumbar daga hannuna, ya jefa a baki, ya tauna a hankali, har da lashe yatsu.

"Wagga gumba ta yi zuma," in ji shi. "Hajo, dube ni. Ni da nis san abin, kin ga na ci. Amma tashi mu tafi Kebbe likita shi gaya miki da Turanci, tun da ke ba ki yarda da Hausa."

Ganin ya ci ɗin nan shi ya sa na iya tashi na bi shi. Na ce a raina lallai tsoho ya san ba komai, in ba haka ba wa zai ci guba da gangan? Wani maƙwabci ya goya mu a babur ɗinsa, ni a tsakiya, kwalbar maganin a aljihun kakana. A Kebbe ma'aikacin ɗakin shan magani ya juya kwalbar, ya sunsuna, ya ga ba rubutu ko ɗaya a jikinta, don tsohuwar kwalbar turare ce aka zuba a ciki. Ya ce shi ba zai yi maganin abin da bai san sunansa ba, a nemo wanda ya kawo shi. Aka ce malamin gona ya tafi Tambuwal karɓo takin zamani. Tsoro ya dawo mini sabo. Kakana ya hana a gaya wa mahaifiyata, ya ce kada a tada mata hankali a kan gumba. Muka sami motar 'yan kasuwa, muka hau baya tare da awaki da buhunan albasa.

Wannan tafiya, duk da ina ganin ita ce ta ƙarshe gare ni, ban taɓa yin dariya irin ta ranar ba. Mota ba ta bar gari ba sai da ya gaya wa kowa labarin. Ya ce su dube ni da kyau, an jiƙa ni da ruwan jure fari, wanda duk ya aure ni ya huta da haƙa rijiya. Can sai ya leƙa kunnena ya ce yana duba ko na fara tsiro, in na tsiro a Tambuwal a bar masa ni, shi ke da iri. Wani mai awaki ya tambaya ko akwai saura a jiƙa masa matarsa, don ita randa guda take shanyewa a wuni. Wata tsohuwa ta ce wa kakana ya ji tsoron Allah ya bar yarinya ta ji da abin da ke damunta, amma ita ma tana dariya har ɗankwalinta na zamewa. Ni kuwa ga hawaye ga dariya, in mota ta faɗa rami in ce shi ke nan guba ta kai zuciya, shi kuma ya ce a'a, saiwa ce take kamawa.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kuɗin mai sun shigo, babura sun cika Kebbe, samarin Fakku da Jabo rabinsu suna Sakkwato wajen 'yan kwangila suna ɗaukar siminti. Shinkafar waje ta iso har kasuwar ƙauye, wasu ma sun fara jin kunyar a ce tuwon dawa suka ci. Ba na jin zai zagi zamani, ba halinsa ba ne. Shi ne fa mutumin da ya fara sa takin zamani a garinsu ana yi masa dariya. Ina jin zai hau babur ɗin, ya ci shinkafar, ya ce ta yi daɗi, sannan ya tambayi samarin nan wa suka bar wa iri. Yakan ce na duƙe tsohon ciniki ne, kowa ya zo duniya shi ya tarar, amma wanda ya duƙa bai ɗaga kai ya ga abin da ke tafe ba, jaki ya fi shi dabara.

Gwajin nasa bai tsaya ba. An sake ba shi maganin, wannan karon ya jiƙa a tsohuwar tukunyar da ba mai girki da ita, Inna da kanta ta tsaya tana korar kaji. Ya ce geron ya riga na maƙwabta fitowa, kuma da ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci bai yi yaushi kamar nasu ba. Gonar kanwar dai ta ɗan taɓuka, ba ta yi abin a zo a gani ba. Ni ba masaniya ba ce, ba zan ce maganin ne ko addu'arsa ba. Damina biyu ya ƙara a duniya. Aka canja wa malamin gona wurin aiki, kwalbar ba ta sake zuwa Fakku ba. Ina roƙon masu binciken nan, in suna karanta wannan shafi, su dawo da ita, kuma don Allah su rubuta suna a jiki, su kuma yi wa matan gida bayani, don su ke riƙe da ƙwarya.

Ni dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, na girma, amma har gobe ba na iya cin gumba sai na ga an ɗebo geron daga buhu a gabana. Wani lokaci ƙanshinta kawai in na ji sai gabana ya faɗi. Bai bar dukiya ba, gonakin an raba, rumbunsa ma ya rushe bara. Abin da ya rage mini nasa shi ne abin da na gani a Tambuwal da yammacin ranar nan.

Rana ta yi sanyi muka sami malamin gona a bakin sito, ana loda masa buhuna. Ya saurari kakana, ya dube ni, ya karɓi kwalbar. Ya tambaya ko an cuɗa irin da jar hoda. Kakana ya ce a'a, hodar tana rataye a ɗaki, sai iri ya bushe za a sa. Malamin ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce hodar ita ce gubar da ake faɗa a rediyo. Wannan ruwan kuwa irin abin da tsiro ke yi da kansa ne a jikinsa don ya girma, kuma ɗigon da aka sa bai kai ya cutar da mutum ba. Ya ce ba abinci ba ne, kada a kuma, amma in kwantar da hankalina, ba abin da zai same ni.

Na juya in ce wa kakana ashe da gaskiyarsa. Sai na gan shi ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da buhun taki, ya cire hula. Bakin nan da bai huta ba tun daga Kebbe, hamdala kawai yake maimaitawa.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ashe kai ma ba ka sani ba?"

"Ina nis sani, Hajo? Ni dai na ga kin tsorata."

Na ce to me ya sa ya ci. Ya share fuska da hular, ya mayar da ita kansa a karkace.

"In tafiya ta, ai ba a barin yarinya ta tafi ita ɗai."

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya sa Aljanna ce makomarsa.