Taku Talatin na Baba Alfari

Duk wanda ya taɓa shiga Zauren Zane na Bakin Kogi a Gaya ta Nijar ya ga Baba Alfari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon mai gadin nan mai jar hula da ke zaune bakin ƙofa da butar shayinsa, yana nuna wa baƙi inda za su ajiye takalma. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, shekara biyu ina kai ɗalibaina wurin duk ranar Alhamis, amma ban taɓa tambayarsa abin da yake yi kafin gadi ba. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ashe shekara talatin ya yi yana zanen manyan motoci a tashar da ke kusa da gada. Motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano su haura Yamai, da yawansu sun bi ta hannunsa. Ya yi musu furanni, ya yi bishiyar giginya, ya rubuta addu'a a goshinsu. Sai da idonsa ya soma hazo ya ajiye burushi, ya karɓi gadi.

Mai kula da ziyarar ɗalibai ita ce Madam Khaulat, matashiya mai ƙwazo da ta yi karatu a Yamai. Tsarinta ba ya canzawa. Yara su shiga a layi, hannu a baya, su tsaya gaban kowane zane ta yi bayani da Faransanci mai kyau, sannan su kwafa a kaye, littafinsu na rubutu. Bayanin yana da daɗi, sai dai yarana sun fi sa ido kan fanka da ke juyawa a sama, ni ma wani lokaci nakan taya su.

A ɗakin ƙarshe, wani ɗan ƙuntataccen wuri, an rataye ƙyauren bayan wata babbar mota da aka tsinto a garejin tsofaffin ƙarafa. Takardar da ke ƙarƙashinsa ta ce: "Igiyar ruwa da furanni. Ba a san mai zanen ba." Ranar da aka kawo shi Baba Alfari ya ce aikinsa ne, masu ɗaukar kayan suka yi dariya, suka ce kowane tsoho a Gaya ya taɓa zanen mota. Bai sake faɗa ba. Kullum da safe yakan goge ƙyauren, ya goge har takardar da ke cewa ba a san shi ba, kuma abin yana cin ransa.

Wata Alhamis aka ɗauke wuta muna cikin ɗakin nan, fanka ta tsaya, zufa ta keto wa kowa. Madam na nuna wasu ɗigo biyu ruwan ɗorawa tana cewa furannin bado ne, sai Baba Alfari ya shigo buɗe taga. Ya buɗe, amma bai fita ba.

"Madam, a yi mini gahwara," ya ce. "Wanga ƙyaure ba a kallonshi nan kusa."

"To daga ina ake kallonsa, Baba?"

"Bayan mota wa ke ganinshi? Wanda ke biye da ita. A hito da shi bisa hanya, a ja taku talatin. Akwai abin da ke ciki, ni na sa shi."

Ya sunkuya ya raɗa mata sunan abin a kunne. Ta dube shi, ta dubi ƙyauren, ta ce dokar zaure ba ta yarda a sauko da kaya ba. Na ce dokar ba ta san za a ɗauke wuta ba. Ta yi murmushi, ta ce in ya fashe ni da ita za mu amsa tambaya.

Muka aro amalanke wurin mai sayar da itace, mu huɗu muka sauko da ƙyauren da ƙyar, muka jingina shi a tsakiyar hanya. Yara suka juya masa baya suka soma ƙirga taku da Faransanci, da ƙarfi kamar ranar jarrabawa. Muna tafiya Baba Alfari ya riƙo hannun rigata.

"Mushe, ni hwa yanzu ban gani nesa," ya ce a hankali. "In rana ta cinye fentin, na zama maƙaryaci gaban yara."

Ni na zuga aka fito da ƙyauren, ga shi mai shi ma bai san ko abin yana nan ba.

A taku na talatin muka juya. Da farko ruwa na gani da furanni kamar kullum, sai kuma furannin bado biyu suka koma idanu, baƙar igiyar ruwa ta koma ƙaton baya, fararen ganyaye suka jeru suka zama haƙora.

"Mushe, dorina ce," in ji Nuriya, ɗalibar da ke gaban layi.

Nan take wuri ya kaure da surutu, kowa na nuna wa ɗan'uwansa. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya kashe babur yana kallo. Madam ta rufe baki da hannu, domin sunan da aka raɗa mata ke nan. Baba Alfari kuwa ya ƙura ido yana ƙifce-ƙifce, ba abin da yake gani sai hazo.

"Tana nan?" ya tambaya.

"Tana nan, Baba," yara suka amsa.

Sai ya zauna a gefen hanya ya ba mu labari yana dariya. Mai motar wani Alhaji ne da ba ya son zanen abu mai rai a jikin motarsa. Direbansa Labo kuwa ɗan masunta ne, ya nace sai an sa masa dorina.

"Sai na yi ma kowa abin da shike so," ya ce. "Alhaji ya zo ya duba kusa-kusa, ya ga huranni, ya sa albarka. Shekara sha biyu motar na tahiya, duk direban da ya biyo ta ya san dorinar Labo. Mai mota kaɗai na bai taɓa bin bayan motarshi ba."

Da muka koma ciki Madam ta cire tsohuwar takardar, ta tambaye shi cikakken sunansa, ta rubuta Alfari Mahamadu da biro a sabuwa. Ya kai ta dab da hancinsa ya daɗe yana dubawa.

"Ɗiyata, ya yi kyau," ya ce. "Amma wanga rubutu ba a karanta shi taku talatin."

Mako ya zagayo ya zo da tsohon burushinsa da guntun katako, ya rubuta sunan da kansa, kowane harafi ya kai tafin hannu. Tun daga ranar ziyarar Alhamis a kan hanya take farawa, shi ke ƙirga takun, Madam na tura amalanke da mai itace. Ajin farko da ya juya bayan an kafa katakon a ƙasan ƙyauren, bai tambaye su dorina ba. Ya ce su karanta masa abin da ke ƙasa, suka karanta da ƙarfi, ya ce su maimaita.