Gadon Da Na Ƙera Wa 'Yata

A shekarar 2011 ni mai walda ne a Ras Al Khor da ke Dubai, a wurin wani ɗan unguwarmu da nake kira Yaya. Shi ya nemo mini biza, kwano ɗaya muke ci, don haka duk abin da ya faɗa ba na tambaya. Wata rana ya kawo kwantena cike da tsofaffin ƙarafa, ya ce daga wani rusasshen barikin soja suke, in yanka su ni kaɗai don ni ne amintaccensa. Kaina ya kumbura. Ban lura ba cewa mutumin da kullum yake tsaye a kaina ya daina taka ko ƙofar rumfar da nake waldar.

A ciki na tsinci wasu bututu masu kyau, ko tsatsa babu. Lokacin matata ta haihu a Kano, ni kuma ina son tsarabar da ta fito daga hannuna, sai na ƙera wa jaririyar gado. Na nuna wa Yaya hotonsa, ya yaba, ya ce Allah ya raya, har ya haɗa ni da mai kai kaya gida.

Bayan shekara biyu wani direba ɗan Ghana da ya bar wa Yaya aiki ya fasa mini ƙwai. Ashe ƙarafan daga tsakiyar Asiya suke, daga wani fili da aka daɗe ana gwajin bam ɗin nukiliya. Talakawan yankin ke tonowa suna sayarwa, gubar nukiliyar da ke jikinsu kuwa ido ba ya ganin ta. Yaya ya sani tun farko. Da na tunkare shi, ko kunya babu, ya ce khalas, wato shi ke nan, komai ƙaddara ne.

Nan take na kira matata na ce ta jefar da gadon yanzu. Ta fitar da shi ƙofar gida, kafin la'asar 'yan gwangwan sun yi gaba da shi. 'Yata yau lafiya gobe asibiti, likita ya ce ba zai iya tabbatar da cewa gadon ne ba. Ni dai zuciyata ba ta huce ba, kuma ban yafe ba.

'Yan'uwa masu sana'ar ƙarfe, ku tambayi asalin kaya ko da ɗan uwanku ne ya kawo, kuma ku lura da abin da maigida ke gudun taɓawa. Har yau ban san ɗan wa ke kwana a kan gadon nan ba, kuma da bakina na ce a fitar da shi.