Tumtum Mai Ƙafar Kaza

Abubuwa da yawa na zamana a Sharada sun zube mini, har fuskar mai gidan da na yi haya sai na yi da gaske nake tuno ta. Amma shekarar da aka ɗora mini zaɓen kyautar ƙarshen shekara a wurin aikinmu, wannan kam ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga raina.

Lokacin ina akawu a sashen sayen ɗanyar fata na wani kamfanin jima a Challawa, wajen farkon shekarun tamanin. Daga ƙasar Gumel na zo, ban san kowa a Kano ba. Ɗaki ɗaya nake haya, daga ni sai tabarma da risho da rediyo da tsohon keke. Wanda bai yi aikin jima ba ba zai gane ba, warin nan bin mutum yake har gida. Ko da sabulu mai tsada na yi wanka, in na shiga bas sai in ga ana matsa mini wuri, kuma na san ba girmamawa ba ce. Ranar Lahadi nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai mai shayi. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, amma ban da wanda zan gaya wa.

Al'adar kamfanin ce duk ƙarshen shekara a buga kalanda da dayari da biro masu sunan kamfani, direba ya loda a mota ya bi abokan hulɗa yana rabawa. Kowa iri ɗaya, mai kawo fata da mai sayen fata. Kafin watan uku kalandar ta koma hannun masu tsire suna naɗe nama.

A wannan shekarar manaja ya kira ni ofis. Ya ce akwai jita-jitar cewa babban dillalinmu, wani dattijon Alhaji na cikin gari, zai karkatar da fatunsa zuwa wani kamfani a Bompai. Fatunsa ne ke riƙe da sashenmu. Ya ce in nemo kyautar da za ta sanyaya masa rai, sannan ya ƙara da cewa, "In fatun nan suka tafi, rage ma'aikata za a yi. Kai kuma ka san wa ya zo a ƙarshe."

Na sani sarai. Komawa Gumel hannu rabbana, bayan an raka ni tasha da addu'a, ita ce abin da ya fi komai tsorata ni.

Ban taɓa ganin Alhajin ba. Alamarsa kawai na sani, wasu 'yan tsagogi kamar sawun ƙafar kaza da ake yi wa gefen kowace fata tasa. Na ga ban san me zan saya wa mutumin da ban sani ba, sai na hau kekena ranar Juma'a na tafi gaishe shi.

Na same shi a soro shi kaɗai, a kan tabarma, ya jingina bayansa da bango. Na yi sallama na miƙa hannu, sai na ga nasa hannun ya nufi wani gefe yana laluba iska. Ashe dattijon ya daɗe da makancewa, kuma a kamfaninmu babu wanda ya sani, don direba a ƙofar gida yake ajiye kaya ya juya. Ina nan tsaye sai ya ja numfashi ya yi murmushi.

"Daga majema kake," in ji shi. "Matso kusa, ɗana. Na yi kewar ƙanshin nan."

Ƙanshi fa ya ce. Tun da na sa ƙafa a Kano shi ne mutum na farko da ya ce in matso. A bayan ƙofa na hango kalandunmu na shekaru a jingine, a nannaɗe, ko robar ba a cire ba. Ya ce suna zuwa duk shekara, an gaya masa har da hotunan injuna, ya gode. Babu gori a muryarsa, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Muka yi hira har la'asar. Ya ba ni labarin ƙafar kazar nan, cewa ta mahaifinsa ce tun yana bin kasuwannin ƙauye da jakuna. Lokaci-lokaci yakan gyara zama yana dafa ƙugu, bango ya gajiyar da shi.

A bayan kamfani akwai tsibin gyauron fata da ake yankewa daga gefe a ƙone, kuma alamar dillali a gefen take, don haka tare ake zubarwa. Na roƙi manaja ya bar ni in tsinta. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce daga bola zan yi wa attajiri kyauta? Amma da ya ga abin ba zai ci wa kamfani komai ba, ya ce in je in gani.

Na yi kwanaki ina tonon tsibin nan bayan an tashi aiki, ina ware jar fatar akuya mai ɗauke da alamarsa. Na kai wa wani baduku kusa da kasuwar Kurmi ya harhaɗa su ya ɗinka tumtum, irin babban matashin nan na jingina, ya cika shi da audugar rimi. A tsakiya na sa ya ɗinka ƙafar kaza da tsirkiyar fata, ta yi tudu yadda yatsa zai same ta.

Da kaina na ɗaura shi a bayan keke na kai. Alhaji ya ɗora shi a cinya yana shafawa, har yatsunsa suka ci karo da tudun nan suka tsaya. Ya bi ta a hankali daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Ni kuwa zuciyata fes, na ɗauka aikina ya tsira.

"Ɗana, kar in cuce ka," ya ce. "Fatu ba a hannuna suke ba yanzu. Yara ne ke juyawa, kuma sun gama magana da Bompai. A tsaye ma suke gaishe ni da safe."

Sai na ga ya zura hannu aljihu zai ba ni tukuici, yadda duk mai mutunci ke yi wa wanda ya kawo masa kyauta. Ya laluba wannan aljihu, ya laluba wancan, hannun ya fito wayam. Mutumin da manyan motoci ke ɗaukar kayansa! Na ce, "Baba, don Allah ku bar shi." Ya ce a'a, ba a yi haka ba, tukuicina yana nan.

Kafin azumi aka sallame ni. Na ji haushin 'ya'yansa, na ji haushin manaja, har na haɗa kayana zan tafi gida. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunanin wa zai zauna a soron nan ranar Juma'a. Na samu aikin awon buhuna a wani sito, a Bompai ɗin ma don abin ya ƙara ba ni haushi. Na ci gaba da zuwa wurinsa, kullum yana jingine da tumtum, yatsansa a kan alamar, yana tsokanata wai tun da na bar majema na daina ƙanshin mutane.

Bayan damina ta gaba na je wata Juma'a na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Tun Talata aka binne shi, babu wanda ya san inda za a neme ni. Na yi gaisuwa zan tafi sai babban ɗansa ya tsayar da ni, ya shiga soro ya fito da tumtum ɗin. Ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya a ba ɗan majema, wai tukuicinsa ne. Na ɗaura shi a bayan keke, na tura keken da ƙafa har Sharada, don idona ba ya ganin hanya.

Yana nan a ɗakina har yau, alamar ta yi sumul saboda shafar yatsansa. Kyautar ba ta ceci aikina ba, wannan gaskiya ne. Amma tun da na kama kasuwancin kaina ban taɓa aika wa abokin hulɗa kaya ta hannun direba ba. Sai na je na zauna da mutum, na ga abin da yake jingina da shi, sannan in san me zan ba shi.