Irin Da Ya Kwana Cikin Dutse

Shekara goma sha biyu ke nan da aka fita da ɗan farina daga gidan nan na Agege, ba a dawo da shi ba. Ni ban zauna a aji ba. Bakina ne ke faɗa, hannun wata ke rubutawa, na kuwa ce mata kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya. Ku yi mini uzuri in kun ji ina ta cewa "yaron nan". Ɗan fari ne, mu kuwa a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari.

Aikinsa ba irin wanda unguwa ta saba gani ba ne. Masu haƙar mai ke aiko masa da taɓo da ɓarɓashin dutse daga can ƙarƙashin ƙasa, shi kuma ya wanke, ya tace, ya leƙa ta madubi mai ƙara girman abu. Abin da yake nema bununi ne, garin nan da ke zuba daga kan gero in ya yi fure, amma na itatuwan da suka mutu tun ba a yi ɗan Adam ba. Ya ce kowace bishiya da kamannin bununinta, in ya gan shi sai ya san ko wurin fadama ne a da, ko kurmi. Ya taɓa sa ni na leƙa. Na ga wasu ƙanana kamar goriba, wasu da ƙaya kamar ƙarangiya. Na ce, "To, wannan za a yi tuwo da shi?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Inna, wannan ya girmi tuwo."

A ɗakinsa akwai akwatin katako cike da duwatsun da ya tsinto a wuraren aiki. In ka duba da kyau sai ka ga ƙwayar iri kwance a ciki, da ɓawonta da tsagarta, ta zama dutse. Akwai wani kamar ƙaramar zangarniya, ya ce kan namijin wata bishiya ne, shi ke zubar da bununin. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya nuna masa. Wannan sakin fuska shi ya jawo masa.

Cikin waɗanda suka gani har da wani mai hatsi na bakin layin dogo. Ba zan faɗi sunansa ba, Agege ta san shi, ni Mai Buhu nake ce masa. A shekarar matan da ke sayen wakensa suka fara samun tsakuwa a ƙasan kowane buhu. Da suka taso masa, sai ya nemi bangon jingina. Ya ce shi da idonsa ya ga iri ya koma dutse a ɗakin ɗan Hajiya, to wanda ya iya wannan, me zai hana shi mai da waken mutane tsakuwa? Magana ta tashi daga kasuwa, ta shiga motocin haya na danfo, ta sauka a ƙofar masallaci. Aka daina amsa sallamar yaron nan. Aka sa masa Boka Mai Duwatsu.

Ana cikin haka ciwon hanta ya kwantar da shi, bai tashi ba. Mai Buhu ya ce ai duwatsun ne suka ci mai su. Ya tsaya a ƙofar masallaci yana jan rigar mutane, wai su yi hattara da sallar gawar da za su yi. Mahautan da suka san yaron nan tun yana rarrafe, da wasu masu gadi 'yan Nijar, su suka sallace shi. Sahun bai cika ba. Kafin sadakar uku matasa sun shigo sun ɗauki akwatin sun juye a kwata. Ina zaune a kan tabarma, ban yi kuka ba, ban hana su ba, domin uwa ba ta fita titi ta yi faɗa a kan ɗan fari. Mai Buhu ya san da wannan kunyar, da ita ya yi garkuwa. Dutse ɗaya ya tsira, wanda yaron nan ya ba ni ina danne murfin tulu da shi.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Soja sun koma bariki, farar hula ta dawo, bangon Agege duk hotuna. Da ya ga na Mai Buhu a jikin shagon burodi, an sha babbar riga ana neman kansila, na san murmushi kawai zai yi ya koma kan madubinsa. Shi mai sanyi ne. Ni ce ban da sanyi.

Makon jiya sai ga Mai Buhu a zaurena, ya durƙusa. Ya san matan da ke sayar da abinci daga nan har mayanka ba sa ƙetare maganata.

Ya ce, "Hajiya, abin da ya wuce ya wuce. A yafi juna."

Na ce, "Malam, ƙuri'a ce ta koya maka durƙuso? Da can gwiwar ciwo take yi?"

Na ɗauko dutsen na sa masa a tafin hannu. Ya riƙe shi kamar garwashi. Na ce ya je ƙofar masallacin da ya tsaya a wancan karon, ranar Juma'a, ya ɗaga shi sama, ya gaya wa jama'a wanda ya zuba tsakuwa a wake. In ya yi, na yafe. In bai yi ba, duk matar da ta taɓa tsince wakensa za ta ji labarin nan daga bakina kafin ranar zaɓe, gobe kiyama kuma mu haɗu. Ya ajiye dutsen a tabarma ya fita, takalminsa a hannu. Juma'a ta zo ta wuce, ba a gan shi ba. Shi ya sa kuke karanta wannan.

Malamai sun ce mini yafiya ta fi. Ban musa ba, amma ba haƙƙina kaɗai ba ne da zan yi kyauta da shi. An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, ni kuwa tukunyata yanzu ta tafasa.

Me ya rage na yaron nan? Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Ya bar ƙwayar iri ɗaya da ta kwana cikin dutse zamanin da ba wanda ya san iyakarsa, ba ta ruɓe ba, ba ta sauya kama ba, har ranar da aka fasa aka gan ta. Ya kuma bar suna, wanda aka jefa a kwata tare da akwatinsa. Yau na tsamo shi na wanke. Kakannina su gafarce ni, zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa shi.

Sunansa Isiyaku. Ba boka ba ne. Ɗana ne.