Ɗan Yatsan Asabe Mai Awara

Asabe mai awara ba ta taɓa zama a ajin koyon jinya ba, amma a layinsu na Daurawa babu jaririn da ya isa ya fitar da haƙori ba da saninta ba. Daga Kibiya aka kawo ta Kano tana amarya. Ta haifi nata ta yaye, mijin ya rasu ya bar mata ɗaki da kasko, kuma da kaskon nan ta riƙe gidan.

Sana'arta ta biyu ba ta karɓar ko sisi a kanta. Idan yaro ya fara dalala har rigarsa ta jiƙe, yana cizon duk abin da ya kama, yana rigima ba dalili, sai uwarsa ta saɓo shi zuwa bakin kaskon. Asabe za ta wanke hannu da sabulu a gaban uwar, a hankali, don a gani. Sannan ta zura ɗan yatsa ta murza dasashin, ta ɗaga ido sama, ta yanke hukunci. In ta ji tudu, ta ce a ba shi tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan sanyi ya ciza. In jikin ya yi zafi rau ko yana gudawa, ta ce wannan ba haƙori ba ne, a wuce asibiti. Ba a cika kama ta da kuskure ba, ita ma ba ta bari a manta da hakan.

Ranar da abin ya faru, la'asar ce, 'yan makarantar Islamiyya sun yi mata dafifi. Yaji ya ƙare, ta daka sabo a gurguje, tana barbaɗa wa kowa da hannu. Ana cikin haka Ummi, matar wani direban adaidaita sahu da suka tare a layin kwanan nan, ta iso da ɗanta na fari, Anas.

"Baba Asabe, duba min yaron nan. Tun jiya yake cizona in yana shan mama."

"Kawo shi nan, mai cizon mutane."

Ta goge hannu a zani, ta zura yatsa. Tudun yana nan a ƙasa, ta ji shi sarai. Ta buɗe baki za ta yi bayani ke nan Anas ya riga ta. Ya ƙwalla ƙara, ya sandare, leɓensa ya yi jawur, hawaye da yawu suka haɗu a haɓa.

Asabe ta dubi yatsanta. Ga jan barkono nan a ƙarƙashin farce. Butar wanke hannu da sabulun suna gefenta, a bushe.

"Na shiga uku! Baba, me ya same shi?"

Mutane na kallo. Asabe ta ɗaga ido sama kamar yadda ta saba, ta naɗe hannun a cikin mayafi.

"Haƙorin ne mai taurin kai," in ji ta. "Ya ƙi fasa dasashi."

Ummi ta yi godiya, har da durƙusawa, ta tafi da yaron yana tsala ihu. Asabe ta koma kan kasko tana lallashin kanta. Zafin barkono ba ya kisa. Ita da kanta ta sha sosa ido da shi. Kafin magariba zai huce, kowa ya zauna da mutuncinsa. Awarar da ke wuta ta ƙone, abin da ba a saba gani ba.

Ba a jima ba ta hango Malam Inuwa wanzami ya ratso layin da zabirarsa a kafaɗa, yana sauri.

"Malam Inuwa, ina zuwa haka? Suna aka yi ban ji ba?"

"Gidan mai adaidaita. Kakar yaron ce ta aiko. Wai ke kika ce haƙori ya ƙi fitowa, a zo a tsaga masa hanya."

Ya wuce. Asabe ta tsaya da matsami a hannu. Shekara da shekaru tana hana mata kai yara a tsaga musu dasashi, yau ga aska ta tafi aiki da izininta. Ta sauke kaskon, ta bi bayansa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ta tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna Uwani, surukar Ummi da ta zo daga ƙauye ganin jika, ta rungume yaron tana danne masa hannuwa.

"Yi shiru, angona, yanzu za a buɗe maka. Yauwa, ga ma gwanar da kanta. Asabe, zo ki nuna masa daidai wurin."

Malam Inuwa ya zaro aska yana gogawa. Ummi ta juya fuska bango.

"Inna, a mai da askar nan," in ji Asabe. "Haƙorinsa lafiya lau yake tafe, da kansa zai fito. Yaji ne. Ban wanke hannu ba."

Inna Uwani ta kamo hannun Asabe, ta kai hanci, ta yi atishawa.

"La'ilaha illallahu! Baiwar Allah, jikan nawa kika ɗauka awara?"

"Ummi, ba shi mama," in ji Asabe, ba ta ɗago kai ba. "Nono yana kashe zafin."

Ummi ta karɓe shi, yaron ya kama yana ajiyar zuciya, can ya yi luf. Malam Inuwa ya mai da askarsa, ya ce shi dai an katse masa shan shayi. Ummi ta juya wa Asabe baya, wannan kuwa ya fi zagin Inna ciwo.

Kafin gari ya waye labarin ya kai Unguwar Gano. Haƙorin Anas ya fito a makon, fari tas, ba wanda ya taimaka masa. Wasu matan sun daina zuwa. Waɗanda suke zuwa har yanzu sukan ce, "Baba, kawo mu ji," su sunsuni yatsan tukuna. Asabe tana miƙawa ba musu.

Ummi ba ta sake kawo yaron ba. Takan aiko a sayo mata awara, Asabe kuma takan ƙara mata biyu a kai, ta ƙulle yajin a leda daban.