Lemon da 'yan dubiya ke kawo wa Inna

Likita ta ɗaga kwalbar baƙin lemon da ke gefen gadon mahaifiyata, ta dube ni. Ciwon ƙodarta ne ya kawo mu asibitin Birnin Kudu daga Maruta.

"Hajiya, wa ke ba ta wannan?"

"Ni ce. 'Yan dubiya ke kawowa, Inna kuma ba ta son a ce ta raina kyauta. Amma sai na tabbatar halal ne nake buɗewa."

"Halal ne kam. Sai dai akwai sinadarin fosfet a ciki, haka ma a wasu nau'o'in naman gwangwani. Ƙodarta ba ta iya fitar da shi. Taruwa yake a jini, ya kawo ƙaiƙayin nan da take fama da shi, ya raunana ƙashi."

Kullum ina shafa mata man zaitun da addu'a saboda ƙaiƙayin, ashe da hannuna nake ƙara mata shi.

Inna ta ce a hankali, "Kar a gaya wa masu kawowa, za su ji kunya."

"Inna, ki yafe mini," na ce mata. Ku da za ku je dubiya, kuna tambayar abin da likita ya hana kafin ku saya?